Inda Aka Ga Jirgin Leander na Ƙarshe

Shekara huɗu Verna Surette ta yi ba ta taka bakin teku ba, alhali daga kicin ɗinta ana jin rugugin ruwa dare da rana. Labule mai kauri ta sa wa tagar da ke kallon tashar jiragen ruwa, ba ta sake ɗaga shi ba tun watan Nuwamban da ɗanta Leander ya fita zuba tarkon lobsta, wani irin babban jatan lande, ranar da aka buɗe kamun shekara, bai dawo ba. Su uku ne a jirgin. An tsinci gawar biyu. Shi kuwa kwana shida masu ceto suka yi suna nemansa ta sama da ta ruwa, ko takalminsa ba a gani ba.

Shi kaɗai ta haifa. Mijinta ya riga ya rasu tun Leander yana makaranta, a kan gadonsa, abin da ba kasafai mazan garinsu, Port Selby, ke samu ba.

Matar Leander, Jolene, ba 'yar bakin teku ba ce. Daga cikin ƙasa ta zo, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Da abin ya faru sai ta kulle gidan hayarsu, ta kwaso jaka ɗaya ta zo wurin surukarta, wai ta yi mata mako biyu. Mako biyun nan ne ya zama shekara huɗu. Tare suke cin abinci, tare suke zuwa coci, in sun yi faɗa a kan gishiri da safe, da yamma ka gan su suna tsefe zaren saƙa ɗaya. Mutanen gari har sun daina ce musu surukai, sai dai matan gidan Surette.

Wata Asabar cikin watan Agusta, Verna na wanke kofuna, Jolene ta shigo da kwando a hannu.

"Mama, sa takalminki mai igiya. Fita za mu yi."

"Fita ina?"

"Cape Orrin. Wurin hasumiya."

Verna ta ajiye kofin a hankali. "Me na ajiye a can?"

"Ba ki ajiye komai ba. Rana ta fito, na yi mana burodi da kifi, na cika fulas da shayi. Tun bara likita ke cewa ki riƙa tafiya, ke kuma daga kujera sai coci."

"Likitan da ko hawa mota sai ya yi nishi? Shi ya fara tafiyar mu gani."

"Mama, don Allah."

Yadda ta faɗi kalmar ƙarshen nan ne ya sa Verna ta dube ta. Yarinyar ta gyara gashinta, ta sa rigar da ba ta cika sawa ba, idanunta kuma na wadda ba ta yi barci ba ne. Nan take Verna ta san dalilin fitar. Ai a Port Selby in ka yi atishawa a wannan bakin gari, daga wancan bakin za a aiko maka da sannu. Tun bazara aka faɗa mata cewa ana ganin Jolene a motar Desmond, malamin lissafi na makarantar sakandare, ta kuma ji cewa ya sami aiki can Alberta, yankin masu kiwon shanu da ke nesa da teku. Ta yi shiru ne kawai, tana jira ta ga ranar da za a faɗa mata da baki.

Ta je ta sa takalmin.

Tafiyar minti arba'in ce, rabinta a kan kwalta, rabinta a kan tsakuwa. Verna ta kafa idonta a gefen da ba teku, tana kallon gajerun itatuwan da iska ta tanƙwara suka karkata duk gefe ɗaya kamar tsofaffi a layin asibiti. Da suka kai inda mota ba ta wucewa, suka sauka suka bi 'yar siririyar hanya a ƙasa.

Abin da ya ba Verna haushi shi ne wurin ya yi kyau. Ta zo da shirin ƙin komai, sai ga ciyawa ta yi kore shar har bakin dutse, furannin daji jajaye sun cika gefen hanya, ƙamshinsu ya gauraye da na gishirin teku. Ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Kafin ta ankara ta tsinci kanta a tsugune tana tsinkar 'ya'yan itacen nan ƙanana shuɗɗa da ke bin ƙasa, tana watsawa a baki.

"Ka ga wadda ta ce ba za ta zo ba," in ji Jolene.

"Rufe min baki. Bana sun yi zaƙi. Miƙo murfin fulas ɗin nan in tara."

Suka haura ɗan tudu, sai ga hasumiyar, fara sol, kanta ja, tsaye a ƙarshen dutse inda ƙasa ta ƙare. Ta fi shekara ɗari da hamsin a wurin. Da can mutum ne ke kwana yana kula da fitilarta don jirage su gane hanya, yanzu kuwa da kanta take kunnuwa, sai wasu tsofaffin gari da suka haɗa ƙungiya suna yi mata fenti, suna buɗe wa baƙi da rani. Wanda ke bakin ƙofa ran nan shi ne Alcide, tsohon masunci, wanda ya taɓa neman auren Verna tun suna da ƙuruciya ta ƙi shi.

Ya cire hula ya riƙe ƙirji. "Wa nake gani? Verna Surette! Ashe kina duniya? Ni na ɗauka kin shiga gidan sistoci."

"Kai ma ashe kana nan, tsohon banza. Mutuwa ma ƙyamarka take yi."

"Ke nake jira. Na ce ba inda za ni sai kin amsa min."

"To za ka daɗe. Ina haƙoranka na gaba?"

"Suna gida, ina tattalinsu saboda ranar bikinmu."

Verna ta yi dariya, dariyar da ita kanta ta ji baƙuwa ce a bakinta. Alcide ya juya ga Jolene ya ce, "Sannu, 'yata," a taƙaice, kamar wanda suka saba gaisawa. Verna ta lura, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Suka shimfiɗa bargo a inda bangon hasumiyar ya kare iska. Verna ta zauna ta ba teku baya. Tana jin sa dai, yana dukan dutse a ƙasa, tsuntsaye na ta kuka a kansa. Jolene ta zuba shayi, ta miƙa mata burodi, ita kuwa nata ta riƙe a hannu har ya fara wargajewa.

"Faɗi mana," in ji Verna. "Kin kawo ni har nan, kin ciyar da ni kamar ragon yanka. Faɗi."

"Mama..."

"Desmond ne. Na sani. Tun watan Mayu na sani. Ke kin ɗauka matar mai gidan waya za ta iya riƙe magana?"

Jolene ta sunkuyar da kai. "Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Ni zan ce? Ni nake shiga motarsa?"

"Yana so mu yi aure kafin ya tafi. Ƙarshen wata mai zuwa. Ni ma na sami aiki a can."

Verna ta kurɓi shayi. Wata uku ta yi tana shirya wa wannan magana, ta tanadi amsarta tsaf, don haka ta fito da ita ba gargada. "Yarinya ce ke. Shekararki talatin da shida. Ba zan ɗaure ki a ƙafar kujerata ba. Mutumin kuma ba shi da laifi, sai dai kunnuwansa sun cika girma. Ki je, Allah ya ba da zaman lafiya."

Ta yi zaton an gama. Har ta fara jin ta fita kunya. Amma Jolene ba ta ɗago ba. Ta sa hannu a kwando, ƙarƙashin tawul, ta zaro wata farar ambulan.

"Akwai saura, Mama. Ba a ɗaura wa matar wani aure. Sai da na je kotu."

"Kotu kuma?"

"Na kai musu takardun masu ceto, da shaidar waɗanda suka yi nema. Alƙali ya duba. Ranar Talata ya sa hannu." Ta miƙo ambulan ɗin. "Ya rubuta cewa Leander ya rasu. Ranar da jirgin ya nutse."

Verna ta dubi ambulan ɗin, ba ta taɓa ba. Shekara huɗu ba ta taɓa yarda an haɗa sunan ɗanta da wannan kalma a gabanta ba. Fadan cocinsu ya zo sau uku a kan a yi masa addu'ar mamata, ta sallame shi daga bakin ƙofa. Ba wai tana zaton yana wani tsibiri yana shan iska ba, ba mahaukaciya ba ce, 'yar masunta ce, ta san abin da ruwan Nuwamba ke yi wa mutum cikin minti goma. Amma muddin ba wanda ya faɗa, ba wanda ya rubuta, to a wurinta Leander ya fita aiki ne bai dawo ba tukuna.

"Teku bai ba ni gawarsa ba," ta ce a hankali, "ke kin je kin samo min ita a takarda."

"Mama, ba haka..."

"Ranar Talata. Kika dawo kika ci tuwon dankalina, kika ce min aiki ne ya tsare ki. Da kika rasa yadda za ki yi da shi, sai kika kashe shi da biro don ki sami hanya."

Ta ga maganar ta shiga, ta ga fuskar yarinyar ta yi fari fat. Ba ta janye ba. Ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Mota na da nisa, makulli kuma ba a hannunta yake ba, gabanta teku. Ƙofar hasumiya ce kaɗai a buɗe, sai ta shige. Alcide ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga idonta, ya matsa gefe.

Matakalar ƙarfe ce mai murɗewa, ƙunci gare ta, ga sanyi. Fushi ne ya kai ta rabi. Daga nan sai numfashi ya fara gagararta, ta riƙa hawa uku tana hutawa, tana jin warin fenti da tsatsa. A ƙasa ta ji takun wani na biye da ita, ba ya matsowa, ba ya kuma tsayawa. Ta san takun. Shekara huɗu tana jin sa a gidanta.

Da ta kai sama sai ta ga ta yi wa kanta tarko. Ɗaki ne na gilashi zalla, fitilar a tsakiya, duk inda ta juya teku ne. Ba labule, ba bango. Ta riƙe ƙarfe ta tsaya.

Tekun ya yi shuɗi, ya kwanta lumui kamar bai taɓa cin kowa ba. Rana na wasa a kansa. Can ƙasa dabbobin ruwan nan da ake kira karnukan teku sun baje a kan wani faffaɗan dutse suna shan hantsi, fararen tsuntsaye na naɗe fiffike suna faɗawa ruwa kamar an jefa mashi.

Jolene ta iso tana haki, ta tsaya nesa da ita kaɗan.

Verna ce ta fara magana, ba tare da ta juyo ba. "A ina ne?"

Ba ta taɓa tambaya ba. An sha ƙoƙarin faɗa mata, ta toshe kunne.

Jolene ta matso ta ɗaga hannu. "Kin ga baƙin dutsen can, inda ruwa ke fari? Ki wuce shi. Kin ga jan abin can da ke lilo a kan ruwa? Daga shi zuwa hagu, kamar mil biyu. Nan jirgin su Alcide ya hango fitilarsu, da ƙarfe bakwai da kwata na safe. Daga nan ba a sake ganinsu ba."

Verna ta kalli wurin. Ba komai a wurin. Ruwa ne kamar sauran ruwa.

"Ya aka yi kika san shi haka?"

"Ina zuwa."

"Yaushe?"

"Duk ranar Alhamis ɗin da na ce miki ina da aikin yamma. Ba ni da aikin yamma ranar Alhamis, Mama. Nan nake zuwa. Da rani in hau, da sanyi in an kulle, Alcide ya ba ni makulli." Ta share hanci da bayan hannu. "A gida ba a faɗin sunansa. Ba a kuka. In na fara sai ki tashi ki kunna rediyo. To ina zan kai shi? Nan nake zuwa in yi masa magana, in zage shi, in ce masa wawa, wa ya ce ka loda tarko ɗari uku a jirgi ɗaya. Nan na fara faɗa masa zancen Desmond, kafin kowa. Ban kashe shi da biro ba. Ni na daɗe da sanin ya mutu, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni."

Verna ta juyo ta dube ta. Ita duk zatonta ita ke riƙe da yarinyar nan, ita ke rarrashinta da miya mai zafi da saƙa. Ashe shekara huɗu yarinyar ke zagaya ta a kan yatsun ƙafa, tana ɗauke da makokinta a mota tana kaiwa bakin dutse don kada ya dami tsohuwa.

Ta buɗe baki ta ba da haƙuri, maganar ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, "Tun yana ƙarami haka yake. In an ce ya ɗauki biyu sai ya ɗauki biyar. Ranar da ya fara zuwa makaranta..." Sai muryar ta karye. Kukan da ya biyo baya ba irin na mutum mai shekara saba'in da ɗaya ba ne. Ta zame ta zauna a kan ƙarfen, ta kira sunansa, ta sake kira, da ƙarfi, har Alcide ya ji daga ƙasa ya je ya tare wasu baƙi biyu da ke shirin hawa, ya ce musu ana gyara.

Jolene ta durƙusa ta rungume ta. Suka yi ta yi, ba mai rarrashin wata.

Da suka lafa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, sai wani ƙaton kifi baƙi ya ɓullo daga ruwa can wajen baƙin dutsen, dogo kamar motar bas, ya fesa ruwa sama, ya ɗaga jela ya nutse. Ga wani ƙarami a gefensa.

"Uwa da ɗa," in ji Jolene.

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni." Verna ta jawo gefen rigarta ta goge ido. "Su ko a jikinsu."

Saukowa ta fi hawa wuya. Jolene ta shiga gaba, Verna ta dafa kafaɗarta, taku ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa Alcide ya ba su kujera da ruwa, bai yi wasa ko ɗaya ba. Daga inda Verna ke zaune tana hango wani dogon dutse da aka kafa a gefen hanya, wanda ƙungiyarsu ke sassaƙa sunayen waɗanda teku ya ci. Ta san da shi. Ta san abokan aikin Leander biyu suna kai, ta kuma san an bar layi ɗaya a ƙarƙashinsu, don sau biyu ana aiko mata tana korar ɗan aike.

"Alcide, har yanzu mai sassaƙar nan na zuwa?"

"Duk watan Oktoba."

"Leander Joseph Surette. Ka tsaya a kansa ya rubuta daidai. In ya ɓata harafi ɗaya, kai zan kama."

"Zan tsaya, Verna."

Ba ta je ta duba dutsen ba. Ta ce ƙafarta ta gaji.

A hanyar komawa barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai a ƙofar gida. Maganar da ta faɗa a kan bargo ba ta janye ta da baki ba, ran nan ko bayansa, Jolene ma ba ta sake tayar da ita ba. Sai dai cikin makonnin da suka rage Verna ta saƙa mata rigar sanyi mai kauri, don an ce sanyin Alberta ba irin nasu ba ne, ta kuma yarda Desmond ya zo cin abincin rana ranar Lahadi, inda ta cika masa faranti sau uku tana kallon kunnuwansa.

Ba ta je ɗaurin auren ba. Ta yi shiri, har ta sa hula, da ta kai bakin ƙofa sai ta ga ba za ta iya ba. Ta aika da kek.

Ranar tafiya Jolene da Desmond suka tsaya da mota a ƙofar gida, an cika ta da kaya har rufi. Jolene ta shigo ta ajiye makullinta na gidan a kan tebur.

"Ɗauki abinki," in ji Verna. "Wa ya ce ki mayar?"

"Mama, ki zo mana Kirsimeti. Desmond ya ce zai aiko da tikiti."

"In hau jirgin sama in je in ga me, shanu? Za mu gani. Ki riƙa cin abinci. Kada ki bar shi ya yi tuƙi in ya gaji."

Suka rungumi juna a tsaye, Verna ce ta fara saki. Ta raka ta bakin ƙofa, ta tsaya har motar ta sha kwanar coci. Sannan ta koma ciki. Da yamma ta ɗora dankali a wuta, sai da ya nuna ta juye, ta ga na mutum biyu ta dafa. Ta ci abin da za ta iya, ta rufe sauran, ta zauna a kujerarta har shayin da ke gabanta ya huce.